Ranar da Inna Ta Riƙe Numfashi a Masar

Tun da muka dawo ba ku bar ni na huta ba. A shagon ɗinki tambaya, a gidan suna tambaya, har a cikin keke wata ta juyo tana tambayata wai da gaske ne abaya ta fi arha a can. To ga shi na rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya ta karanta. Ban ga dalar Masar ba, ban hau raƙumi ba, ban sayo wa kowa tsaraba ba. Mai jiran wannan labarin ta ajiye tun daga nan. Jinya na je, kuma abin da na fi kallo a Masar shi ne cikin ƙirjin mahaifiyata.

Wadda ba ta san Inna ba, ita ce mai masa a bakin kwalta a Tudun Wada ta nan Gombe, inda direbobi ke karyawa. Shekara da shekaru tana gaban tanda tana shaƙar hayaƙin itace. Tari ya kama ta, aka sha maganin tarin fuka har aka gaji, daga baya aka saka ta a injin hoton nan mai kama da ƙaton zobe, aka ga ƙullutu a huhunta na dama. Ciwon daji. Aka yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, aka sake hoto. Likita ya ɗaga na farko da na biyu ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai a idonsa kamar abin ya ƙaru, amma ba zai rantse ba, domin gefen ya yi dishi-dishi. Idan ya ragu, ana iya yanke shi. Idan ya ƙaru, sai dai a kai ta gida a yi ta addu'a. Bappa, ƙanin marigayi babanmu, ya sayar da filinsa na Kagarawal ya ce a tafi inda za a auna abin da gaske. Ni aka zaɓa in raka ta, don ni na gama sakandare, kuma kowa ya san ba na jin nauyin kowa.

Akwai abu ɗaya da sai kun sani kafin mu hau mota. Hamma Salihu, babban yayanmu, direba ne. Wata safiya ya ɗauki fasinja zuwa Biu, daga nan ba shi ba motar. Ba gawa, ba labari. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta kuma hana a yi zaman makoki. Abin da ta yi shi ne alwashi: harshenta ba zai daina hailala ba sai ta sami labarinsa. Tun daga ranar bakinta ke motsi. Tana juya masa tana yi, tana ba da canji tana yi, har a barci za ka ji wata 'yar ƙara kamar tukunya ta fara tafasa. Mun saba har mun daina ji. Sunansa kuwa ba ta taɓa faɗa ba tun da aka haife ni, kunyar ɗan fari. “Mai Mota” take ce masa.

Ana gobe za mu tafi, Mama Ifeoma maƙwabciyarmu mai shagon kayan miya ta shigo da man zafi a leda. 'Yarta Ifeoma nas ce, saboda haka ita ma rabin likita take ji da kanta.

“Auta, kin ɗauki faifai?”

“Na ɗauki hotunan, Mama. Ga su nan kamar tabarma.”

“Ba hoto ba, faifai! Wannan ƙaramin sidi da suka ba ku. Ifeoma ta ce hoto na ido ne, faifai na kwamfuta ne. Ke kullum sauri-sauri kamar an biyo ki.”

Faifan yana kan taga, yara sun kusa mai da shi madubi. Na goge shi na cusa a jaka. Mama ta rungume Inna ta ce, “Ki dawo fa, wa zai ba ni masa bashi?” Inna ta yi murmushi, bakinta bai tsaya ba.

Hanyar Kano kun san yadda take a shekarun nan. Kafin mu kai Dukku an sauke mu ya fi a ƙirga. A sauka, a ɗaga hannu sama, a taka a wuce buhunan yashi, mota ta biyo baya. Ba a amsa waya, ba a dariya. Ni haushi nake ji, amma Inna wani aiki take yi daban. Duk shingen da muka tarar an zaunar da maza a ƙasa, sai ta rage tafiya tana duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙonanniyar motar da ke gefen hanya sai ta bi ta da ido har wuyanta ya ƙare.

Bayan Darazo wani soja ya zazzage jakata ya ci karo da faifan. Ya ɗaga shi da yatsu biyu.

“Wa'azin wa ke ciki?”

“Huhun uwata ne.”

“Kina yi mini wasa?”

Direba yana ta ƙifta mini ido in yi laushi. Ni kuwa na zaro babban hoton daga ambulan na ɗaga shi saitin rana. Haƙarƙarin Inna suka fito fari fat, layi-layi, da baƙin rami biyu, da farin abin nan zaune a gefe. Ta cikin hoton ina hango fuskar sojan, haƙarƙarin sun sauka a kan fuskarsa. Ya dubi hoton, ya dubi tsohuwar da ke tsaye hannu sama baki na motsi. Ya miƙo mini faifan da sauri kamar ya ƙona shi, ya ce mu tafi.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai Inna ta ƙi cin abincinsu ta jiƙa garin fura a kofin roba. Iyakar ƙasa kuwa, ni da na zaci wani dogon shinge ne, ashe layi ne da wani mutum a cikin akwatin gilashi. Kafin a kai gare shi wata mata ta nuna wa Inna wani abu mai kama da ƙaramar bindiga a goshi, na auna zafin jiki. Inna ta saki jaka ta ɗaga hannu biyu sama. Duk layin aka juyo ana kallonmu. Na ce, “Inna, sauke, nan ba Dukku ba ne.” Na cikin gilashin ya duba fasfo, ya ga inda aka haife mu, ya ambaci sunan mutanen dajin nan yana murmushi kamar ya faɗi sunan ƙungiyar ƙwallo. Na ce masa da Turanci su suka cinye mana ɗan'uwa, in yana da labarinsa ya ba mu. Ya buga hatimi bai ƙara kallona ba.

Daga filin jirgi motar ta bi da mu ta gefen wata unguwa mai faɗi, ɗakuna ƙanana-ƙanana masu ƙofar ƙarfe, duk launin ƙasa. Na ga shanya, na ga yara na buga ƙwallo, na ga wata mata na soya wani abu. Na tambayi Hajiya Turai, wadda ta zo tarbarmu, sunan unguwar.

“Maƙabarta ce.”

“A'a, inda mutanen nan suke.”

“Ita nake nufi. Matattu na ƙasa, masu rai na sama. Kowa da ɗakinsa, ba mai damun wani.”

Mu da ko yatsa ba ma nuna wa maƙabarta. Inna ta manna goshi a gilashin mota ta ce a hankali, “Su dai sun san inda nasu suke.”

Hajiya Turai Bakanuwa ce da ta daɗe a can, sana'arta saukar da masu jinya daga gida. Gidan yana can sama, ana hawa da lifta mai ƙofar keji, tana tafiya tana kuka. Abin da ya fara tare ni a ƙofa takalma ne, jere a kan katako har hawa uku, na maza da na mata, wasu sababbi. Na ce ashe gidan cike yake. Ta ce mu kaɗai ne sai wani tsoho Babauce a ɗakin can. Na ce to takalman fa? Ta ce na waɗanda ba su buƙace su wajen komawa ba ne, 'yan'uwa ba sa son ɗauka, ita kuma ba ta iya zubarwa. A kicin haka fulas-fulas suke a jere, kowanne da sunan mai shi a jikin filasta. Da safe ta zuba mana shayi a na wata Hajiya Asabe. Na sha, don ƙishi nake ji, amma ban sake ba. Takalman Inna kuwa a ƙarƙashin gado na riƙa ɓoye su.

Tsohon Babaucen ban taɓa ganin fuskarsa ba. Tarinsa kawai muke ji ta bango. Inna ta yi, ya amsa, kamar masu gaisuwa.

Abinci kuwa, wake ne da safe, wake da rana, an dama shi kamar fate an zuba mai da lemon tsami, a ci da gurasa. Akwai wani da suke haɗa shinkafa da taliya da wake duk a kwano ɗaya, kamar an share kicin. Ba yaji. Ranar da Hajiya ta kawo wata koriyar miya mai yauƙi tana cewa ita ce sarauniyar miyarsu, Inna ta ɗanɗana ta ce, “Auta, wannan ai lalo ne. Lalo muka hau jirgi muka zo ci?” Matansu ba sa sauka sayen kaya, kwando suke zurowa da igiya daga bene, mai shago ya zuba su ja. Maza na sumbatar juna a kumatu. Kowa ihu yake magana. Inna kuwa duk Larabcin da ta ji addu'a ne a wurinta. Direbobi biyu suna zagin juna a tsakiyar titi, ita tana bayan mota tana shafawa tana cewa amin.

A asibitin, bayan likitan ƙirji ya gama da mu, aka ce in kai faifan ƙasa. Ƙasa kuwa ƙasa ce ta gaske, hawa biyu ƙarƙashin titi, ba taga, sanyi kamar cikin randa. A nan na sami Dakta Samira, wata siririyar mata mai tabarau, zaune a ɗaki mai duhu da allunan kwamfuta a gabanta. Ba ta taɓa majinyaci, ba ta ma ganinsu. Ta ce ita mutane a yanke suke zo mata.

Ta saka faifan, sai ga Inna yanka-yanka kamar albasa. Tana murza wani abu da yatsa, muna nutsewa daga wuya zuwa ciki. Ta yi mini bayani, kuma na gane, don ba ta yi mini kallon 'yar ƙauye ba. Ta ce ido na ruɗi, shi ya sa ba ta yarda da shi. A kowane yanka kwamfuta za ta zagaye ƙullutun da koren layi, ta gyara mata inda ta kauce, sannan a tara yankan duka a san girman abin gaba ɗaya, ba tsawonsa kawai ba. Bayan haka ana ƙirga hasken da duhun da ke cikinsa ɗigo-ɗigo, a ga ko tsakiyarsa ta fara mutuwa. Sai a auna tazarar da ke tsakaninsa da babbar jijiyar jini. Waɗannan lambobin za ta aika sama, su ne za su ce a yanka ko kar a yanka.

Ta danna wani abu, huhun ya tashi tsaye shi kaɗai a cikin baƙin allo yana juyawa a hankali, ba fata, ba ƙashi, ba Inna. Matar tana sama a kan benci tana jirana, ga kuma cikinta a nan ƙasa yana juyi a gaban baƙuwa.

Sai koren layin ya fara rawa. Ya zagaye nan, ya goge, ya zagaye can. Dakta ta matso da fuska.

“Wannan hoton na mai motsi ne. Dubi gefen, biyu-biyu yake. Na farkon ma haka. Ba zan ba da lamba a kan wannan ba, ƙarya za ta zama. Za mu ɗauki namu.”

Washegari aka cire wa Inna 'yan kunne da carbi, aka sa mata rigar asibiti, aka kwantar da ita a kan wani siririn gado, hannu biyu sama da kai. Aka ɗaura mata allurar wani ruwa da ke haska jijiya. Na gaya mata da Hausa, na maimaita da Fulatanci: in an ce ki ja numfashi ki ja, ki riƙe, kar ki motsa. Ta gyaɗa kai. Aka fitar da ni zuwa bayan gilashi wurin mai injin, wani ƙaton mutum mai tabon sallah a goshi. Gadon ya fara shiga da ita cikin zoben, ƙafa a miƙe, fari a lulluɓe. Ba sai na gaya muku da me ya yi kama ba. Wata murya ta fito daga cikin injin da Larabci. Ta lasifikar da ke gabanmu na ji Inna ta ce amin. Bayan amin ɗin kuma sai 'yar ƙarar nan, tukunya mai tafasa.

Mai injin ya karkata kunne. “Me take cewa?”

A lokacin na ji ta, bayan shekarun da na yi ban ji ba. Hailala take yi. Haka ta yi a Gombe sau biyu, haka ta yi a nan. Ƙirjin na hawa yana sauka da kowace kalma.

Wannan hoton ma biyu-biyu ya fito. Dakta Samira ta hau sama da kanta, abin da aka ce ba ta yi. Ta ce ruwan allurar nan yana wahalar da ƙoda, ƙodar Inna kuma maganin baya ya riga ya gajiyar da ita. Za a bari ta huta 'yan kwanaki a sake sau ɗaya. Sau ɗaya tak. In ya sake fitowa biyu-biyu, ba lamba, in ba lamba kuma likitan tiyata ba zai sa wuƙa kusa da jijiyar nan da ka ba.

Muka koma gidan Hajiya Turai. Muna shiga ɗaki, bayan la'asar ne, na fashe.

“Inna, numfashi ɗaya! Abin da bai kai a juya masa ɗaya a tanda ba! Bappa ya rabu da filinsa, mun keto duniya, ke kuma ba za ki iya rufe baki ba?”

“Na yi alkawari.”

“A zuci fa? Ki yi a zuci mana!”

“Da harshe na ce. Kuma kin ga ramin nan da suke tura ni. In a ciki za a karɓi raina, da baki a rufe za a same ni?”

“Ba wanda ya taɓa mutuwa a ciki!”

“Kin tambayi masu takalman?”

Nan ne na faɗi abin da ba wanda ya taɓa faɗa a gidanmu. Na ce, “Ya mutu, Inna. Hamma ya mutu tuntuni. Kowa ya sani, ke ma kin sani. Za ki bi shi ne ki bar mu?”

Ba ta mare ni ba. Ta dube ni kawai, leɓɓanta na ci gaba da aikinsu. Ɗakin ya yi tsit, sai na lura ashe tun safe ba mu ji tarin Babaucen ba. Da na fita ɗaukar ruwa, Hajiya Turai na durƙushe tana gyara wa wasu baƙaƙen sau-ciki wuri a katako na biyu.

Ita ce ta shigo daga baya ta zauna a bakin gadon Inna. Ta ji komai, bangon gidan ba ya ɓoye sirri.

“Yaya, kin je Makka?”

Inna ta girgiza kai.

“Ni na je. Tsohuwar da ba za ta iya shiga turmutsutsun jifa ba, ba cewa ake ta bari ba. 'Yarta take ba tsakuwar ta jefa mata, kuma an karɓa. Ga 'yarki nan, baki gare ta kamar rediyo. Ki ba ta ta riƙe miki na numfashi ɗaya.”

Inna ta juyo gare ni.

“Zan ji ki?”

“Akwai abin magana a wurin mai injin. Za ki ji ni.”

“In kika yi shiru zan ɗauka.”

“Ba zan yi shiru ba.”

“Ke da ba ki iya zama ki gama tasbihi bayan sallah.”

Kwanakin da suka biyo baya gwaji muka yi ta yi. Ta kwanta hannu sama, in karɓa daga bakinta a tsakiyar kalma, ta ja numfashi ta riƙe. Da na ɗan tsaya haɗiyar yawu sai ta ɗauka. Sau nawa muka yi faɗa ban sani ba.

Ranar da aka koma, na yi wa mai injin bayani da Turancina da Larabcin Islamiyya. Ya sa hannu a ƙirji ya ce a kan idonsa, wato ya yarda. Ya nuna mini maɓallin da zan danne da ɗan koren haske da ke nuna muryata na shiga. Aka kwantar da ita. Gadon ya motsa. Na danna na fara, na ji muryata ta fito daga cikin zoben can, ta yi kauri kamar ba tawa ba. Ta gilashi na ga leɓɓan Inna sun tsaya. Tun ɓatan Hamma ban ga fuskarta haka ba. Ta yi kama da gawa, har na kusa sakin maɓallin in ruga.

Injin ya ɗauki gurnani. Muryar Larabcin nan ta shigo ta ce a ja numfashi. Sai koren hasken ya mutu.

Na danna da ƙarfi, na danna da hannu biyu. Ba haske. Mai injin ya dafe kai, ya tuna abin da ya manta: in injin ya karɓi magana ya fara ɗauka, yakan yanke na waje har sai ya gama. Ruwan allurar ya riga ya shiga jini, ba a tsayawa. Ɗakin can an yi shi ne yadda ko ihu ba ya ratsawa. Na ci gaba da yi duk da haka, ina yi wa gilashi, hucin bakina na rufe shi ina gogewa da hannu, idona a kan bakinta, ina jiran ya buɗe.

Bai buɗe ba. Ƙirjin ya tsaya cak. Gadon ya ratsa zoben a hankali har ya fita ta baya. Muryar ta ce a saki numfashi, hasken ya dawo, ta saki.

A ɗakin ƙasa koren layin bai yi rawa ba. Ya zagaye abin yanka bayan yanka, tsaf kamar ɗinkin keke. Dakta Samira ta ce ba za ta iya cewa ga daidai yadda ya ragu ba, tunda na Gombe masu motsi ne, amma ko ta ɗauki mafi ƙanƙantar abin da na baya zai iya zama, na yau bai kai shi ba. Tsakiyarsa ta yi duhu, alamar magani ya ci shi. Ta nuna mini wani siririn baƙin layi tsakaninsa da jijiyar, ta auna shi ta ko'ina, ta rubuta. Na ce wannan ɗan zaren? Ta ce wannan ɗan zaren ya ishi wuƙa wucewa. Ta kuma ce kar in je in ce wa kowa an warke, lamba ta yau ce kawai, za a yi ta aunawa.

Na hau sama da gudu. Inna na zaune a benci, an mayar mata da carbinta, yana kan cinya ba ta ja. Na fara ba ta labari, ta katse ni.

“Da farko ke ce. Na gane ki, kina sauri kamar kullum.”

“Inna, abin ya—”

“Da kika yi shiru ina shirin buɗe baki in ɗauka, sai ya karɓa. Daidai inda kika tsaya. A hankali yake yi, yana jan ƙarshen, yadda yake yi in yana wanke mota.”

“Wa?”

“Salihu.”

A bakin Inna. A gaban mutane. Ta faɗe shi sarai kamar kullum take faɗa.

Kar wadda ta tambaye ni me ta ji. Na tambayi mai injin ko akwai wata murya a ciki ban da ta Larabcin, ya ce babu. Dakta ta ce ruwan allurar kan sa mutum jin ɗumi da jiri. Na rubuta muku abin da kowa ya ce, ku zaɓa.

An yi aikin, an cire kashi ɗaya na huhun. Mun daɗe kafin a sallame mu. Ranar tafiya na zaro takalmanta daga ƙarƙashin gado, ta saka, muka wuce katakon nan ba mu ƙara masa komai ba. A hanyar Darazo aka sauke mu kamar yadda aka saba. Akwai maza zaune a ƙasa. Inna ta wuce su idonta na kan hanya.

Kwana biyu da isowarmu ta aika aka kira Bappa ta ce a tara malamai a yi wa Salihu addu'a, a yi sadaka. Ita ta zauna aka yi mata gaisuwa. Mama Ifeoma ta zo ta yi kukan da Inna ba ta yi ba.

Yanzu tana samun sauƙi, an hana ta zama gaban tanda, tana zaune tana ba ƙanwarta da ta karɓi tandar umarni. Tana sallarta, tana jan carbinta bayan sallah kamar kowa, ta ajiye. Tana barci baki a rufe, har nakan tsaya a kanta in ga ƙirjin ya motsa kafin in wuce. Gidan ya yi wani irin shiru.

Shekaranjiya a shago ina kan keke ina haɗa wuyan riga, mai koya mana ɗinki ta ce, “Auta, da wa kike magana tun ɗazu?” Na ce ba kowa. Ta ce to bakinki ne ke motsi. Na sa hannu na taɓa. Da gaske ne. A ɗakin nan na Masar Inna ta ba ni in riƙe mata na numfashi ɗaya, kuma har yau ba ta ce in kawo ba.